Hular da Ke Kwana a Shagon Mai Turare

Sana'ata wankin hula. A Kawo nake, a bakin wata 'yar hanya da ta gangara bayan tasha, kuma na haura shekara ashirin a wurin. Duk wanda ya san aikin nan ya san kuɗinsa yana da rana. Daga Lahadi zuwa Talata ake kawo huluna. In wanke da sabulu da burushi, in sa sitaci, in ɗora kowace a kan gungumenta ta sha rana, sannan in goge. Ba mai zuwa karɓa sai yammacin Alhamis, yawanci ma sai safiyar Juma'a, lokacin da kowa ke son shiga masallaci da kai a gyare. A ranar ake biyana. Sauran kwanakin mako hannuna na cikin ruwa, aljihuna a bushe.

A lokacin ban iya karatun boko ba, saboda haka da zare nake gane kayan mutane. Nakan ɗinka ɗan zare a cikin hula ta wajen ƙeya, inda ba a gani. Wannan ja mai ƙulli ɗaya, wancan ja mai ƙulli biyu, wani baƙi da fari. Ban taɓa ba wani hular wani ba. Koren zare mai ƙulli uku na wani dattijo ne, tsohon ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Unguwar Dosa. Alhaji nake ce masa. Tun yana zuwa da direba har ya yi ritaya ya koma tuƙa tsohuwar motarsa da kansa, bai taɓa kai hularsa wani wuri ba. Hulunansa da yawa, amma akwai wata 'yar Bama mai ruwan ƙasa da ya fi ji da ita, aikin hannu mai ƙananan ido, irin wanda ake wata da watanni ana yi. Ita yake sawa ranar Juma'a. Ranar Lahadi ya kawo ta, ko ba ta yi datti ba, in share ta in tayar da ita.

Shi Bazazzagi ne, ni Bakano, don haka akwai wasa tsakaninmu. Duk Juma'a da hantsi in ya tsaya, tun kafin ya fito daga mota zai leƙo ya ce, "Bakano, ba ka dai sayar da ita ba ko?" Ni kuma in ce wa zai sayi hular da ta saba da kan Bazazzagi, ai ko kyauta aka ba mutum sai ya yi shawara. Ya yi dariya, ya zauna a benci, ya sa hular ya duba a madubina, mu taɓa hira kafin ya wuce.

Shekaru kaɗan da suka wuce wani ƙaramin banki mai ba da rance ya shigo unguwarmu. Jami'insu yana zuwa a kan babur da jaka a baya. Ofisa muke ce masa, shi kuma yana ce mini Baba. Ya yi mana bayani cewa kuɗin ba na gwamnati ba ne. Wasu mutane ne a ƙasashen waje suka zuba dukiyarsu domin masu ƙananan sana'o'i irinmu su tashi, in mun tashi unguwa ma ta tashi. Ba a neman takardar gida ko ta fili. Abin da ake nema mutum biyar da suka yarda da juna, kowa ya tsaya wa kowa. Biya kuma mako-mako, ranar Alhamis da ƙarfe tara na safe.

Telan da ke kusa da masallaci ne ya haɗa mu, shi ne kuma shugaba. Akwai mai shayi, da mai faci, da mai kayan miya, sai ni. Da na ji an ce Alhamis na san ranar ba ta dace da aikina ba, amma na ga kowa ya yarda, ni ma na bi su. Na ce a raina zan riƙa ware kuɗin tun ranar Juma'a. Aka miƙo takarda na dangwala yatsa.

Ba zan yi wa rancen nan butulci ba. Da shi na yi rumfar kwano, na ƙara gungume, na sayi duro biyu na ruwa. A da in hadari ya haɗo sai in kwashi huluna a hannu in ruga shagon mutane. Yanzu sai dai in ja su ƙarƙashin rumfa. Aiki ya ƙaru. Biyan mako ya kai kamar kuɗin wankin hula ashirin da biyar, kuma wata uku na farko ban taɓa saɓawa ba. Ina warewa a gwangwanin madara, in ba mai ɗakina ta adana.

Sai wani mako ita mai ɗakin nawa ta kwanta. Zazzaɓi ya yi tsanani har sai da aka ƙara mata ruwa, abin da ke gwangwani ya tafi asibiti. Ranar Alhamis na je barandar tela, inda muke taruwa, ba ko sisi. Doka ita ce in mutum ɗaya bai cika ba, sauran ba za su tashi daga tabarma ba. Ofisa bai yi faɗa ba, yana ta danna wayarsa. Mai shayi yana hango teburinsa, mutane na zuwa suna juyawa. Mai faci ya ce kada in damu, bashi hanji ne yana cikin kowa, amma ya faɗa yana kallon agogo. Na roƙi Ofisa ya bar ni zuwa gobe da hantsi, kuɗina na nan a kan gungume suna shan rana. Ya ce da a hannunsa abin yake da ya bari. Na'ura ce. In azahar ta yi ba a shigar ba sunan rukuninmu zai koma ja, kuma daga na'urar ake aika rahoto ga masu kuɗin.

Na tashi na je wajen maƙwabcina mai sayar da turare, wanda shagonsa ke jikin rumfata. Ya ranta mini kuɗin. Washegari na mayar masa da ɗan abin goro a kai. Kuɗin da na mayar masa su ne ya kamata su shiga gwangwani. Abin da ya rage ya tafi ga sabulu da sitaci da gawayi da cefane. Da Alhamis ta zagayo na sake komawa wajensa. Kwana ɗaya ne kacal tsakanina da kuɗina, amma duk yadda na matse ciki na kasa cim masa.

Da damina ta yi nisa aka samu wani mako da rana ta ƙi fitowa kwana uku. Huluna ba su bushe ba, Juma'a ta wuce ban tara komai ba, ban biya mai turare ba sai Litinin. Alhamis ta gaba ya ce shi fa yanzu sai da jingina. Na ce ga dutsen guga, ga rediyona. Ya yi dariya ya fito ya bi layin gungume yana dubawa, har ya tsaya a kan 'yar Bamar Alhaji. Ya ce wannan ta isa. Kwana ɗaya kawai za ta yi a durowarsa, da safe in masu karɓa na farko sun biya ni in zo in fanshe ta kafin mai ita ya iso.

Na san amana ce. Na san abin da malamai ke faɗa a kan amana, ba sai an tuna mini ba. Amma mutum huɗu na zaune a tabarma suna jirana. Na sa ta a leda na miƙa masa.

Haka muka yi ta yi, mako bayan mako. Ranar Laraba in gama da ita kafin kowace, Alhamis ta kwana a shagon mai turare, Juma'a da ƙarfe takwas in karɓo ta in mayar kan gungumenta. Da hantsi Alhaji ya leƙo ta tagar mota ya yi tambayarsa, in ba shi amsar da na saba. Yana dariya ina dariya, amma tawa a baki take tsayawa.

A cikin wannan hali ne baƙi suka zo daga wajen masu kuɗin, wata Baturiya da wani mai yi mata tafinta. Ranar Alhamis ce, bayan taro. Ofisa ya kawo su wurina saboda layin huluna yana da kyau a hoto. Matar mai fara'a ce, ta durƙusa tana duba aikin hulunan, ta tambayi yadda ake sa sitaci. Daga baya ta ce a tambaye ni ko akwai abin da ke ba ni wahala a tsarin biya, in faɗa kada in ji komai. Gungumen 'yar Bama yana gabanta, ba komai a kansa. Na ce alhamdu lillahi, mun gode, Allah ya saka da alheri. Mu a wurinmu baƙo ba ya tasowa daga nesa ka tare shi da kuka, balle wanda ya taimake ka. Ta rubuta a littafinta, suka tafi.

Ofisa ya dawo ɗaukar jakarsa ya ce mini, in ranar ce ke damuna in rubuto, su a ofis ba sa aiki da maganar baki. Tela ya iya rubutu, amma da na ba shi sai ya tambaye ni yadda nake biya duk makonnin nan. Wannan ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci da ake yi a makarantar firamare bayan la'asar, Litinin zuwa Laraba. Na zauna a bencin yara, gwiwoyina na taɓa tebur. Malamarmu mai haƙuri ce. Hannuna da ya saba da burushi ya daɗe kafin ya yarda da fensir, amma ban fasa ba.

Ina cikin wata na biyar a ajin abin ya faru. Wata Alhamis bayan azahar sai ga motar Alhaji. Ya leƙo ya yi tambayarsa, sannan ya ce gobe da asuba zai wuce Zariya ɗaurin auren ɗan ƙanensa, yau yake son hular. Na waiwaya. Shagon mai turare a kulle yake tun hantsi, ya tafi Rigachikun walimar suna a gidan yayansa. Na ce wa Alhaji hular na gida, na kai ta ne saboda gudun ruwa. A shekara ashirin ban taɓa yi masa ƙarya irin wannan ba. Ya ce ba komai, zai leƙa Mando ya ga wani, ya dawo bayan la'asar.

Na kira wayar mai turare ba a ɗauka ba. Na shiga motar Rigachikun da nufin in karɓo mabuɗi. Da tambaya na gano gidan. An kafa rumfa a ƙofa, mutane na cin abinci. Hular na fara gani kafin in ga fuskarsa. Tana kansa, ya karkata ta gefe, ya karya gabanta, abin da Alhaji bai taɓa yi mata ba.

Na ja shi gefe na faɗa masa mai ita na jira. Ya ce ina kuɗinsa. Na ce gobe, kamar kullum. Ya ce to goben sai in karɓa kamar kullum. Na riƙe hannunsa ban saki ba, har mutane suka fara waiwayowa. Sai ya cire ta ya danƙa mini, ya ce daga yau kada in ƙara taka ƙofar shagonsa ranar Alhamis.

A mota na duba ta. Gumi ya jiƙa bakinta, kuma ya zuba mata turare kamar ba da kuɗi ake saye ba. Ba lokacin wanki. Na goge da jiƙaƙƙen ƙyalle, na bi da burushi, na ɗora a gungume na sa dutsen guga. Zafin ya ƙara tayar da ƙamshin. Shi kuwa Alhaji ba ya sa turare, yana tayar masa da ciwon ƙirji. Tun farkon haɗuwarmu ya hana ni wanke masa hula da sabulu mai ƙamshi.

Ya iso ana fitowa sallar la'asar. Na miƙa masa da hannu biyu. Bai kai ta kusa da fuska ba ya yi atishawa. Ya juya ta ya duba koren zaren, ya shafa wurin da aka karya, inda guga bai gama ɓoyewa ba. Ya dube ni, na dubi ƙasa.

"To, Malam," ya ce. "Na gode."

Ya biya, ya ajiye ta a kujerar mota ya tafi. Ranar Lahadi bai zo ba. Ta gaba ya zo da tsofaffin kube biyu, ya miƙo ta taga, ya gaishe ni kamar yadda ake gaida kowa.

Da ƙofar mai turare ta rufe sai na koma sayar da kayan aiki. Duro ɗaya ya tafi, sannan gungume shida. A cikin haka na gama wasiƙar banki. Layi biyar ce, na yi mako uku a kanta, Malama na gyara mini. Na roƙi a mayar da ranar biya Asabar.

Amsa ta zo, Ofisa ya karanta mana a tabarma. Rana a ɗaure take da rancen, ba a canza ta a tsakiya. Amma tun da rukuninmu bai taɓa yin ja ba, mun cancanci rance mafi girma na shekara guda, kuma a sabon rance za mu iya zaɓar ranar da muke so. Sharaɗi shi ne mu biyar ɗin nan. In ɗaya ya fita, sauran sai su nemo wani su koma farawa daga ƙaramin rance.

Saura mako shida in gama. Kullum ina ƙirgawa, na riga na ce wa mai ɗakina in na fita ko kyauta aka ce in karɓa ba zan karɓa ba. Amma tela na son sabon keken ɗinki, mai faci na son injin iska. Da yamma suka zo su huɗu suka cika bencina. Ba wanda ya matsa mini. Tela ya yi ta tuna mini yadda muka faro tare. Mai shayi ya ce, "Kai ka nemi Asabar, ga Asabar ta zo har gida, kuma ka ce ba ka so?" Na dubi abin da ya rage na gungume. In zan biya mako shidan nan da sayar da kaya, ranar da zan gama ba abin da zan ɗora hula a kai. Sabon rancen kuwa zai share tsohon tun ranar farko.

Na yarda. A wannan karon ban dangwala yatsa ba, sunana na rubuta da biro. Ofisa ya ɗaga takardar ya nuna wa sauran, ya ce Baba ya zama ɗan boko.

Abu na biyu da na rubuta a rayuwata ban nuna wa Malama ba. Na faɗi yadda aka yi tun daga gwangwani har Rigachikun, da irin rubutun da na iya. Na ninke na sa a cikin kuben Alhaji, domin bakina ba zai iya ba.

Juma'ar da ta biyo ya kashe mota ya fito, ya zauna a benci, karo na farko tun ranar. Ya ce tun a lokacin ya san wani kai ya shiga hular, amma ya ɗauka haya nake ba masu zuwa biki, kamar yadda ya ji wasu na yi. Sannan ya ce, "Kwana ɗaya, Malam. Da ka buɗe baki ai ranar Lahadi zan riƙa biyanka in na kawo. Ni da mutum nawa a cikin masu kawo maka."

Na ce maigidan da ya koya mini sana'a ya hana mu karɓar kuɗi kafin aiki, ya ce wanda ya ci ladan aiki tun bai yi ba, aikin nauyi yake masa.

"Jinginar da kayan mutane fa, shi ya koya maka?"

Na ɗauko masa kubensa. Na tambaye shi ina 'yar Bamar. Ya ce ya ba mai gadin masallacinsu, shi ba zai iya mayar da ita kansa ba. Ya tambayi saura mako nawa a sabon rancen. Na ce arba'in da huɗu. Ya girgiza kai, ya ce Allah ya fitar da ni, ya karɓi kubensa.

Yanzu Asabar muke biya, kuma ban ƙara taɓa hular kowa ba. Sai dai biyan ya kai kuɗin hula arba'in. Abin da na tara ranar Juma'a kwana ɗaya yake yi a aljihuna, da safe in kai shi tabarmar tela. Mai ɗakina ta mayar da gwangwanin wurin ajiye allura.

Alhaji yana nan yana kawo kube. Ya yi sabuwar hula ta Juma'a, mai ruwan toka, ban san wanda ke gyara masa ita ba. Juma'ar da ta wuce na lura sitaci ya yi mata yawa a baki, in aka ci gaba haka zaren zai fara karyewa. Na buɗe baki zan faɗa masa, sai na ga ba ni da hurumi. Ya ce, "Sai Lahadi, Malam," ya ja mota. Na juya na ƙirga waɗanda aka karɓa tun safe. Talatin da uku, saura bakwai su cika arba'in. Na gyara zama a benci ina kallon hanya, ko sauran za su zo kafin a kira salla.